Gundumar Calais a Faransa: Wa Ke Mulkin Gaɓar Da Ke Kallon Ingila?

Tun da shugaban Faransa Emmanuel Macron da firaministan Birtaniya Keir Starmer suka sanar da yarjejeniyar musayar masu neman mafaka a watan Yulin 2025, sunan Calais ya sake cika labarai. Mai sauraro kan ji a rana guda cewa magajiyar garin Calais ta soki gwamnati, wakilin gwamnati a Calais ya sa an tashi wani sansani, kuma jami'an Birtaniya sun tsare wata mota a Calais, sai ya rasa gane ko wane ne ke da iko da wurin. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda suna ɗaya, wanda Faransawa ke furtawa "Kale", yake nufin gari, yake nufin gunduma, sannan yake cikin sunan lardin da gundumar take. Ƙari a kan haka, 'yan jarida kan ambaci Calais ko da abin ya faru ne a wata gaɓa da ke wajen iyakarta.

## Abin da ake nufi da gunduma

Faransa ta kasa ƙasarta hawa-hawa. A sama akwai jiha, wadda suke kira région. Ƙarƙashinta lardi, wato département. Ƙarƙashin lardi gunduma, wato arrondissement. A ƙasa kuma ƙaramar hukuma, wato commune, wadda za ta iya zama babban birni ko ƙauyen da bai kai mutum ɗari ba. An kafa larduna a 1790 bayan juyin juya hali, gundumomi kuma a watan Fabrairun 1800 zamanin Napoleon Bonaparte. Yau ƙasar na da larduna 101, gundumomi wajen 330, da ƙananan hukumomi kusan 35,000.

Abin da ya bambanta gunduma da sauran shi ne ba ta da majalisar da jama'a suka zaɓa, ba ta karɓar haraji, ba ta kuma da kasafin kuɗi nata na kanta. Jiha da lardi da ƙaramar hukuma duk suna da zaɓaɓɓun majalisu. Gunduma kuwa tsari ne kawai na gwamnatin tsakiya domin ta kusanci jama'a, kuma shugabanta, sous-préfet, kantoma ne da ake naɗowa daga Paris, yana aiki ƙarƙashin babban kantoman lardi, wato préfet. Wannan ba ɗaya ba ne da arrondissement ashirin na birnin Paris, waɗanda unguwanni ne na cikin gari masu nasu magadan gari.

Mutanen Kamaru sun san wannan tsari sarai, domin har yanzu sous-préfet ne ke riƙe da kowane arrondissement a ƙasarsu. A Nijar ma haka yake a da, kafin gyaran farkon shekarun 2000 ya mayar da tsofaffin arrondissement 36 su zama département, tsofaffin département kuma su zama jihohi. Shi ya sa kalmar gunduma a bakin mutumin Maraɗi ko Damagaram take nufin département a yau, alhali a wannan rubutu tana nufin matakin da ke ƙasa da shi.

Gundumar Calais tana cikin lardin Pas-de-Calais, wanda hedikwatarsa ke Arras, a jihar Hauts-de-France mai hedikwata a Lille. Ɗaya ce daga gundumomi bakwai na lardin, kuma sabuwa ce idan aka kwatanta da yawancinsu, domin sai a 1962 aka kafa ta. A watan Janairun 2017 aka faɗaɗa ta, ta koma ƙananan hukumomi 52, faɗinta kusan murabba'in kilomita 600, mutanenta kimanin 150,000, waɗanda ƙasa da rabinsu ne ke zaune a cikin garin Calais.

## Ƙasa da ruwa

Duk tarihin wannan yanki ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakaninsa da Ingila. A wurin da mashigin teku ya fi tsukewa, nisan bai wuce kilomita 34 ba, ko da yake wannan wuri, tsaunin Gris-Nez, yana cikin gundumar Boulogne-sur-Mer da ke maƙwabtaka. Daga tashar Calais zuwa ta Dover a Ingila, jirgin fito kan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Mashigin na daga cikin hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya, inda manyan jiragen dakon kaya ke wucewa ta tsawonsa, jiragen fito kuma suna ratsa shi ta faɗi.

Ƙasar gundumar iri biyu ce. A yamma akwai tuddai na farin alli waɗanda suka ƙare a tsaunin Blanc-Nez, mai tsayin mita 134, a ƙaramar hukumar Escalles. A gabas kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, wanda wasu sassansa ke ƙasa da matakin teku idan ya yi ambaliya, tudun yashi ne kawai da madatsai suka raba shi da ruwa. Wannan fili fadama ce a da, kuma tun ƙarni na 12 mazaunansa suke janye ruwa daga cikinsa ta hanyar magudanai da lambatu da ake kira wateringues. Ana buɗe ƙofofin magudanan idan teku ya janye domin ruwan gonaki ya fita, a rufe su idan ya dawo, a kuma taimaka da injinan famfo idan ruwan sama ya yi yawa. Ambaliyar da ta afka wa lardin a watan Nuwamban 2023, ta kuma maimaita a Janairun 2024, ta nuna iyakar abin da wannan tsari zai iya ɗauka. Kogin Aa ne iyakar gundumar ta gabas, daga hayinsa kuma an shiga lardin Nord, inda Gravelines da Dunkerque suke.

## Shekara 210 a hannun Ingila

A watan Satumban 1346, bayan nasararsa a yaƙin Crécy, Sarki Edward na Uku na Ingila ya kewaye Calais da mayaƙansa. Garin ya jure wata goma sha ɗaya kafin yunwa ta tilasta masa miƙa wuya a watan Agustan 1347. Bisa ga abin da marubucin tarihi Jean Froissart ya ruwaito, sarkin ya ce zai bar sauran jama'a da ransu idan manyan gari shida suka fito babu takalmi, da igiya a wuya, riƙe da makullan gari. Eustache de Saint-Pierre ne ya fara miƙa kansa, biyar suka bi shi, sannan matar sarkin, Philippa, ta roƙa aka yi musu afuwa. Edward ya kori yawancin mazauna garin, ya zuba Ingilawa a gidajensu.

Daga nan Calais ta zama ƙofar Ingila a nahiyar Turai. A 1363 aka mayar da ita kasuwar da doka ta wajabta a bi da ulun da Ingila ke fitarwa, abin da ya sa harajinta ya zama babban abin dogaron baitulmalin sarki, kuma a ƙarni na 16 har wakilai take aikawa majalisar dokokin Landan. Yankin da Ingila ke riƙe da shi ya haɗa da Guînes, yayin da Ardres, mai tazarar 'yan kilomitoci, take hannun Faransa. A filin da ke tsakanin waɗannan garuruwa biyu, kusa da Balinghem, Henry na Takwas na Ingila da François na Ɗaya na Faransa suka gana a watan Yunin 1520, kowanne ya zo da tantuna masu zaren zinariya domin ya burge ɗan'uwansa. An shafe fiye da mako biyu ana shagali, amma shekara biyu bayan haka ƙasashen suka koma yaƙi.

A watan Janairun 1558 kwamandan sojojin Faransa, François de Guise, ya ƙwato garin cikin kusan mako guda, zamanin Sarauniya Mary ta Ɗaya ta Ingila, Ingila ta rasa yanki na ƙarshe da take da shi a ƙasar Faransa. Sifaniya ta riƙe garin daga 1596 zuwa 1598, sannan ya koma hannun Faransa.

## Leshi, yaƙi da hanyar ƙarƙashin teku

Ingilawa sun sake dawowa a 1816, wannan karo a matsayin masu sana'a. Wasu masaƙa daga Nottingham suka yi fasa-ƙwaurin injinan saƙa zuwa Calais, a lokacin da dokar Ingila ta hana fitar da irin waɗannan injina. Daga wannan ne sana'ar leshi ta kafu, ta bunƙasa a unguwar Saint-Pierre har unguwar ta fi tsohon garin yawan jama'a, aka haɗe su a 1885. Leshin Calais, wanda ake saƙawa da manyan injinan Leavers, ya ciyar da dubban iyalai fiye da ƙarni guda, kafin leshi mai araha daga Asiya ya durƙusar da yawancin masana'antun. Rufewarsu na daga cikin dalilan da suka sa rashin aikin yi da talauci a garin suka zarce matsakaicin na ƙasa.

A yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus sun kama garin a watan Mayun 1940, suka cika gaɓar da ramukan kankare da manyan bindigogi masu harbi zuwa Dover. Sojojin Kanada ne suka 'yanto shi a ƙarshen Satumban 1944, bayan ruwan bama-bamai ya rushe kusan dukan tsohon garin.

Babban sauyin da ya biyo baya shi ne hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku. An taɓa fara haƙa ta daga Sangatte, wani ƙauye da ke yamma da Calais, a farkon shekarun 1880, Birtaniya ta dakatar da aikin saboda tsoron mamaya. An sake somawa a 1974, aka kuma dakatar a 1975. Bayan yarjejeniyar Canterbury ta 1986 tsakanin ƙasashen biyu aka koma kansa, Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe hanyar ranar 6 ga Mayun 1994. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 50, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa, kuma tasharta ta ɓangaren Faransa tana Coquelles, inda ake loda motoci da tireloli a kan jirgin ƙasa, su isa Folkestone cikin minti 35.

## Yadda iyakar Birtaniya ta dawo ƙasar Faransa

A 1999 gwamnatin Faransa ta buɗe wata cibiya a Sangatte, ƙarƙashin kulawar ƙungiyar Red Cross, domin mutanen da ke kwana a titunan Calais suna neman hanyar tsallakawa, da yawansu 'yan gudun hijirar Kosovo. Birtaniya ta yi ta ƙorafin cewa cibiyar na janyo mutane, aka rufe ta a ƙarshen 2002 lokacin Nicolas Sarkozy na ministan cikin gida. A watan Fabrairun 2003 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Le Touquet, wadda ta ba jami'an shige da fice na Birtaniya damar binciken fasfo a tashar Calais, na Faransa kuma a Dover. Irin wannan tsari ya riga ya fara aiki a hanyar ƙarƙashin teku. Ma'anarsa ita ce wanda Birtaniya ta ƙi, a ƙasar Faransa ake tsayar da shi, tun bai taka ƙasarta ba balle ya nemi mafaka.

Mutanen da aka tsayar ba su koma ba, sai suka riƙa kafa bukkoki a dazuzzuka da filayen bayan gari. Sansanin da ya fi girma, wanda aka sani da Jungle, ya taso a 2015, kuma kafin a rushe shi a watan Oktoban 2016 gwamnati na ƙiyasta mutanensa da kusan 7,000, ƙungiyoyin agaji kuma na cewa sun kai 10,000, mafi yawansu daga Sudan, Afghanistan da Eritrea. A shekarar ne aka gina katanga mai tsayin mita huɗu a gefen hanyar tashar jiragen ruwa, da kuɗin Birtaniya. Tun daga lokacin manufar gwamnatin Faransa ita ce kada a bar wani sansani ya kafu, don haka 'yan sanda kan tashi masu tantuna kusan duk bayan kwana biyu.

Da shiga tirela ya yi wuya saboda shinge da karnuka da na'urorin bincike, sai masu safarar mutane suka koma ga kwalekwalen roba. A 2018 waɗanda suka isa Ingila ta wannan hanya ba su kai 300 ba. A 2022 sun haura 45,000, a 2024 kuma sun kusa 37,000. Ranar 24 ga Nuwamban 2021 wani kwalekwale ya nutse, aka tsamo gawa 27, kuma a 2024 mutanen da suka mutu a mashigin sun haura 70. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara dagula lamarin, domin daga ƙarshen 2020 ta fita daga tsarin Dublin, wanda ya ba ta damar mayar da wasu masu neman mafaka ƙasar Turai da suka fara shiga. Yarjejeniyar 2025, wadda ta gwaji ce, ƙoƙari ne na cike wannan giɓi: Birtaniya za ta mayar wa Faransa wasu da suka iso ta kwalekwale, a madadin kowane ɗaya kuma ta karɓi mutum ɗaya da ya nema ta hanyar doka daga Faransa.

A nan ne rabon iko yake da muhimmanci. 'Yan sanda da jandarmomi na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida ne, babban kantoma da ke Arras ne ke ba da umarnin tsaro a lardin, kantoman Calais kuma yana aiwatarwa a gundumarsa. Ceto a teku aikin wani kantoman ruwa ne da ke zaune a Cherbourg, ta hanyar cibiyar sa ido ta Gris-Nez. Shari'ar masu safara tana hannun mai gabatar da ƙara na Boulogne-sur-Mer. Magajiyar gari tana da iko da filaye da gine-ginen ƙaramar hukuma da tsaftar gari, amma ba ta da ta cewa a kan iyaka. Kwalekwale da yawa ma ba daga gundumar Calais suke tashi ba, daga gaɓar Gravelines ne ko ta kudancin Boulogne.

## Matsayin ɓangarorin

Gwamnatocin Birtaniya, na Conservative da na Labour, sun tsaya a kan cewa Faransa ƙasa ce mai aminci, don haka babu dalilin da mai neman mafaka zai bar ta ya hau teku. Suna kuma nuni da kuɗin da suka biya, ciki har da kusan fam miliyan 480 da aka yi alkawari a watan Maris na 2023 na tsawon shekara uku, suna neman jami'an Faransa su riƙa tare kwalekwale ko da ya shiga ruwa.

Jami'an Faransa sun sha amsawa da cewa tare kwalekwale mai maƙare da mutane a kan ruwa na iya kifar da shi, kuma dokar teku ta fifita ceton rai. Suna ƙarawa da cewa sauƙin samun aiki ba da takardu ba a Birtaniya ne ke jan mutane, kuma masu neman mafaka a Faransa sun fi na Birtaniya yawa a shekarun nan. Natacha Bouchart, wadda ta zama magajiyar garin Calais a 2008, da shugaban majalisar jihar Xavier Bertrand, sun sha kiran a sake duba yarjejeniyar Le Touquet, bisa hujjar cewa ta ɗora wa yankinsu nauyin da ba nasa ba. Masu adawa da soke ta na cewa idan aka mayar da binciken Birtaniya zuwa Dover, mutane za su ƙara kwararowa Calais, kuma jinkirin da zai biyo baya zai cutar da tashar da garin ke ci da ita.

Ƙungiyoyin agaji irin su Secours Catholique, L'Auberge des Migrants da Utopia 56 na ganin cewa tashin sansanoni da ƙwace tantuna ba ya rage yawan masu zuwa, sai dai ya tura su ga hanya mafi haɗari, musamman da yake a ƙa'ida ba a neman mafakar Birtaniya daga wajen ƙasar. Kotuna sun ba su gaskiya a wasu lokuta. A 2017 kotun Lille ta dakatar da umarnin magajiyar gari na hana rabon abinci, kuma a watan Yulin shekarar babbar kotun gudanarwa ta ƙasa ta wajabta wa hukumomi samar da ruwan sha da banɗaki da wurin wanka. Kotunan dai ba su haramta tashin sansanonin gaba ɗaya ba.

## Abin da maziyarci zai gani

A gaban ofishin magajin gari akwai mutum-mutumin tagulla na manyan garin nan shida, aikin masassaƙin Faransa Auguste Rodin, wanda aka ƙaddamar a 1895. Rodin bai sassaƙa su a matsayin jarumai masu taƙama ba. Ya nuna su a rame, cikin riguna masu kama da buhu, ɗaya ya dafe kansa da hannu biyu, wani yana riƙe da ƙaton makulli, abin da bai yi wa wasu daga cikin waɗanda suka ba shi aikin daɗi ba. Bayansu akwai hasumiyar ƙararrawa mai tsayin mita 75, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 2005 tare da sauran irinta na arewacin Faransa. Daga tsohon garin, abin da ya tsira ya haɗa da hasumiyar tsaro ta ƙarni na 13 da majami'ar Notre-Dame, inda Charles de Gaulle ya auri Yvonne Vendroux, 'yar garin, a 1921. Gidan tarihin leshi, wanda aka buɗe a 2009 cikin wata tsohuwar masana'anta, yana kunna injinan Leavers domin baƙi su ga yadda suke aiki, kuma tun 2019 akwai wani ƙaton dodon inji da ke ɗaukar fasinja yana yawo da su a bakin teku.

A wajen gari, daga saman Blanc-Nez ana hango fararen tsaunukan Dover idan sama ta washe. A Blériot-Plage, cikin Sangatte, Louis Blériot ya tashi ranar 25 ga Yulin 1909, ya zama mutum na farko da ya ƙetare mashigin a jirgin sama mai inji. Gandun Platier d'Oye a gabas matattarar tsuntsaye ne masu ƙaura, ƙauyen Licques a kudu kuma ya shahara da kiwon talotalo, har ana kora su cikin gari a bikin da ake yi kowane Disamba.

## Tasiri a kan jama'a

Ga mazauna gundumar, iyakar ita ce abinci, ita ce kuma matsala. Tashar jiragen ruwa, wadda aka faɗaɗa a 2021, da tashar Coquelles da kamfanonin sufuri da na tsaro su ne manyan masu ɗaukar ma'aikata, kuma ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta dawo da aikin kwastan da binciken dabbobi da kayan abinci. A ɗaya ɓangaren, jirgin ƙasa na Eurostar, mai kai fasinja Landan ta ƙarƙashin teku, ya daina tsayawa a tashar Calais-Fréthun tun 2020, masu otal da gidajen abinci na kukan cewa labaran sansanoni sun ɓata sunan garin, direbobin tirela kuma na fuskantar tara mai nauyi daga Birtaniya idan aka sami wani ɓoye a motarsu, ko da ba da saninsu ba. A zaɓen 'yan majalisa na 2024 jam'iyyar Rassemblement National mai adawa da shigowar baƙi ce ta ci mazaɓar Calais.

Ga matafiyi daga Najeriya, Nijar ko Kamaru, bizar Schengen da ta kai shi Faransa ba ta shigar da shi Birtaniya, kuma bizar Birtaniya ba ta shigar da shi Faransa. Wanda ya hau motar safa daga Paris zuwa Landan zai sauka a Calais ko Coquelles, jami'an Faransa su duba fitarsa, sannan ya taka 'yan matakai zuwa teburin jami'an Birtaniya, waɗanda ke da ikon mayar da shi nan take. Tun daga watan Oktoban 2025 kuma Tarayyar Turai ta fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu na baƙi masu gajeriyar ziyara a iyakokinta, ciki har da wannan, a maimakon buga hatimi a fasfo.